Ranar da Basile Ya Tuƙa Lambun Goggo Zita

Ranar da na fara ganin Basile Deveau, kansa na rataye a gefen jirgin fito, yana mayar wa teku abincin da ya ci da safe. Farar hula ce a kansa irin ta kyaftin, ya danne ta da hannu ɗaya kada iska ta ɗauke. Na miƙa masa hankici. Ya ɗago da fuska kore-kore ya ce, “Kada ki damu, 'yan mata. Launin ruwa nake dubawa. Haka kakana yake gane inda kifi yake.”

“Ka ga kifin?” na ce.

“Sun yi nisa yau,” ya ce, ya sake sunkuyawa.

Teku kuwa ranar a kwance yake kamar ruwan randa. Na tsaya kusa da shi har muka iso kwata, littafina a buɗe a hannu, ban karanta ko layi ɗaya ba.

A cikin gonaki ya tashi wajen mahaifiyarsa, can nesa da gaɓa. Da ya girma sai ya dawo garinmu, garin kakansa, ya kafa rumfar askirim a bakin kwata. Duk baƙon da ya sayi cokali ɗaya, sai an ɗora masa labarin kakan nasa, Kyaftin Deveau, kyauta: yadda ya kama kifin da ya fi cocinmu tsawo, yadda ya yi wa guguwa tsawa ta juya. Ni ma kullum da la'asar ina layin. Haƙorana ba sa son sanyi, amma damina biyu ina sayen askirim ban gaya wa kowa dalili ba.

Tun da kifi ya ja baya a tekun Fundy, kayan kakanninmu suka koma ado. Komar kamun kifi tana jikin bangon gidan abinci, ƙugiya tana riƙe da labule, tsofaffin kwale-kwale kuwa an cika su da ƙasa an shuka fure a ƙofar gidaje, baƙi suna ɗaukar hoto. Wanda ya fi kowanne kyau shi ne na ƙofar masaukin baƙi na Goggo Zita, inda nake gyaran gadaje ina karanta littattafan da baƙi suka manta. Wannan kwale-kwalen na kakan Basile ne. A duk labaransa, wannan kaɗai ne gaskiya.

Abin ya faro ne a shagon kofi na bakin kwata, inda masunta suke zama in sun dawo. Na shiga karɓar burodin Goggo, na tarar da Kawu Leandre, ƙanin mahaifiyata, ya sa Basile a gaba.

“Kyaftin, jiya na ji ka gaya wa baƙi kakanka ya je Indiya. Shekaranjiya Sin ka ce.”

“Hanya ɗaya ce, Kawu. Wanda bai fita ba ba zai sani ba.”

“Ni dai na san kakanka. Mutumin kirki ne. Iyakarsa bayan tsibirin can, kuma in gari ya yi hazo matarsa ɓoye masa takalma take yi.”

“Jinin teku ne a jikina.”

“Shi ya sa kake mayar masa da abinsa duk lokacin da ka hau jirgi?”

Shago ya ɗauki dariya. Basile ya dubi inda nake tsaye, kunnuwansa suka yi ja. Sai ya hau kan kujera, ya gyara hula.

“Ku shaida,” ya ce. “Ranar bikin sa wa jirage albarka, zan tuƙa kwale-kwalen kakana da hannuna, da limamin cocinmu Fada Anselme a ciki, in zagaya tsibirin fitila in dawo. In ban yi ba, washegari zan hau mota in tafi yamma wajen haƙar mai. Garin nan ya gama ganina.”

“Wane kwale-kwalen?” in ji Kawu. “Lambun Zita?”

Aka sake kwashewa da dariya. Ni ban yi ba. Basile ba ya iya komai, amma yana cika rantsuwa. Ya taɓa rantsewa in ƙungiyarsa ta wasan ƙanƙara ta sha kashi zai je coci ba takalmi a tsakiyar hunturu. Ta sha kashi, ya je, farcen babban yatsansa bai sake fitowa daidai ba. Na rungume burodi na fita, ina lissafin yadda bakin kwata zai kasance ba rumfar askirim.

Da rana ya zo wajen Goggo Zita, ƙanwar mahaifina, da shebur a kafaɗa.

“Goggo, na zo karɓar gadona.”

“Gadonka yana fure,” ta ce. “Ka dawo lokacin kaka in ya bushe.”

“Zan rubuta sunan masaukinki a jikinsa. Duk baƙon da ke bakin kwata zai karanta.”

Goggo ta auna maganar. “Da manyan baƙaƙe?”

“Har daga tsibiri za a gani.”

“To tone. Amma kowane fure ka sa shi a tukunya, kuma in ɗaya ya mutu kai za ka tsaya a wurinsa har sanyi ya shigo.”

Ya fara tono yana waƙar masunta da shi ya ƙirƙire ta. A ƙarƙashin bencin baya akwai gidan rina da ya daɗe a wurin ba mai damunsa. Shebur ya same shi a tsakiya. Basile ya zagaya masaukin da gudu, ya sake zagayawa, sannan ya shige ɗakin wanki ya rufe kansa da zanin gado. Da ya fito, idonsa ɗaya ya rufe, leɓensa ya yi kamar gasasshen dankali. Wani baƙo ya tambaye shi abin da ya same shi.

“Iskar gishiri ce,” ya ce. “Haka take yi wa fuskar mutanen teku.”

Da aka kwashe ƙasar aka jingina kwale-kwalen da bango, sai hasken rana ya ratso ta gindinsa kamar rariya. Duk wanda zai mayar da kwale-kwale lambu sai ya huda ƙasansa don ruwan sama ya riƙa tsiyayewa, kuma marigayi mijin Goggo mutum ne da ba ya yin aiki rabi.

Basile ya sa yatsa a huda ɗaya ya leƙa. “Aikin kakana ne. Don katako ya sha iska.”

“Aikin mijina ne,” in ji Goggo. “Da abin huda katako da ya aro bai mayar ba.”

A ɗakin girki akwai kwando cike da toshiyar kwalaben ruwan inabi da baƙi suka sha. Basile ya ɗauko kwandon, ya zauna a cikin kwale-kwalen, ya fara cusawa. Toshiyar ta fi hudojin kauri kaɗan, ta ƙi shiga. Ya yi tunani, ya koma ɗakin girki, ya dawo da man shanu. Ya riƙa shafa wa kowacce yana danna ta da babban yatsa daga ciki, tana shigewa sumul.

Na tsaya a kansa da tawul a hannu. “Basile, ba za ka kai wa Kawu ya sa maka katako ba?”

“In kai wa Leandre? Gara in nutse.”

“Zai yi maka in ni na roƙe shi.”

“Emerise, ke kin karanta littattafai. Kin taɓa ganin inda kyaftin ya aiki mace ta roƙar masa katako?”

Na so in ce masa ni ba kyaftin nake zuwa gani a rumfar askirim ba. Abin da ya fito bakina shi ne, “Man shanun na karin kumallon baƙi ne.”

Kowa a garinmu ya san kwale-kwalen da ya daɗe a tudu sai an nutsar da shi a ruwa katakon ya sha ya kumbura, tsagogin su haɗe. Basile ma ya sani, don ya ji ana faɗa. Sai dai ba ya son masunta su tsaya a kansa suna ba shi shawara. Da tsakar rana, baƙi sun tafi bakin yashi, ya jawo kwale-kwalen a kan keken tura kaya, ya tura shi cikin tafkin wanka na masaukin, ya ɗora masa duwatsu.

Ruwan da yake shuɗi ya koma kalar koko. Saiwoyi suka taso, tsutsotsin ƙasa suka biyo su, sai wani kwaɗo da ba wanda ya san yana ciki. Wata baƙuwa daga Toronto ta iso da rigar wanka da tabarau, ta tsaya a bakin tafkin.

“Baje kolin tarihi ne, uwargida,” in ji Basile. “Jirgin da ya nutse. Ba a taɓawa.”

Ta ɗauki hoto, ta ce abin ya taɓa mata zuciya. Goggo Zita ta fito da tsintsiya mai dogon mariƙi, ta taɓa masa baya da ita har bakin titi. Da ya dawo ciro kwale-kwalen bayan an zubar da ruwan tafkin, sai ya bi toshiyar yana dubawa, ya kira ni in gani.

“Ko ɗaya ba ta motsa ba. Je ki gaya wa kawunki.”

Ban je ba. Ruwa ne a ciki ruwa a waje, babu abin da zai tura su.

Ana gobe biki ya shafa masa jan fenti, ya rubuta sunan masaukin. Wuri ya ƙare masa kafin suna ya ƙare, ya ƙarasa sauran a ɗaya gefen. Ya kai shi kwata da safe ruwa a cike, ya ɗaure shi tamau da guntuwar igiya, ya yi ƙullin da ya ce sirrin gidansu ne. Ya koma sayar da askirim. Ruwan teku ya janye yadda ya saba yi kullum a garinmu, ya yi ƙasa har kusan tsayin gidan sama. Da la'asar aka tarar da kwale-kwalen a rataye a jikin kwata, hanci sama, kamar kifin da aka shanya.

Masunta suka jeru suna kallo, hannu a aljihu.

“Kyaftin, shanya shi kake yi?” in ji Kawu.

“Tsiyaye shi nake yi.”

“Ba jiya ka gama jiƙa shi ba?”

“Akwai lokacin jiƙo, akwai na tsiyaya. Ku masu inji kun manta aikin hannu.”

Ƙullin sirri ya ƙi kwancewa. Basile ya kwanta rub da ciki ya yanke igiyar da wuƙar yanka lemo. Kwale-kwalen ya faɗa cikin laka da ƙara, tsuntsaye suka watse. Ya leƙa ƙasa ya ce daman haka ake saukar da shi.

Ranar biki gari ya cika. An ƙawata jirage da tutoci, masu goge suna kaɗawa, mata suna sayar da miyar kifi da gasasshen dankali da kaza, baƙi sun cika kwata har kan tarin kejin kamun jatan lande. Na sa shuɗiyar rigata da nake ajiyewa don coci.

Fada Anselme mutum ne mai jiki, mai sanyin hali, wanda bai iya cewa a'a ba. Ya sauko tsani a hankali, rigar ceto a kan farar rigarsa, kwanon ruwan albarka a hannu. Da ya zauna, kwale-kwalen ya yi ƙasa sosai.

“Ɗana, ka tabbata?” ya ce.

“Fada, kana hannun Deveau.”

“Shi ya sa na tambaya.”

Da Basile ya tashi nan take, da ruwa na cike. Amma an ba shi lasifika, kuma bai taɓa riƙe lasifika ba. Ya tsaya a kan tsani ya ba da tarihin kakansa tun daga haihuwa. Ya ratsa ta Indiya, ya tsaya a Sin. Masu goge suka zauna suka ci abinci. Masunta suna duban jikin kwata, inda alamar jiƙa take ta ƙara tsawo, suna duban juna. Fada Anselme yana ta yin ƙasa a hankali tare da ruwan, har sai da aka riƙa leƙawa kafin a ga hularsa.

A ƙarshe Basile ya sauka ya kama filafilan tuƙi biyu. A nan wanda ke tuƙi bayansa yake ba inda za shi. Basile ya ce kyaftin ba ya tafiya da baya, ya zauna yana fuskantar tsibiri, ya ja da ƙarfi. Kwale-kwalen ya koma baya ya daki kwata. Ya sake ja, ya sake dukanta.

“Gaisuwar ban kwana ce,” ya gaya wa baƙi.

“Ta amsa,” in ji Kawu daga sama. “Juya, ɗan nan.”

Ya juya. Suka fita, suna tafiya a karkace kamar ƙaguwa, har suka yi nisan jifa. Zuciyata ta fara cewa wataƙila. Fada Anselme ya tsoma reshe a kwano, ya ɗaga hannu zai sa wa jirage albarka.

Toshiya ta farko ta yi tsalle ta same shi a haɓa. Ruwa ya biyo ta, siriri, a miƙe. Fada ya ɗora ƙafa a kai. Ta biyu ta tashi ta bayan Basile. Fada ya miƙa ɗaya ƙafar. Daga nan suka riƙa tashi bi da bi kamar gugguru a kasko, kowacce tana sheƙi da man shanu. Fada ya ajiye kwano ya toshe da yatsu, ya toshe da gwiwa, ya zauna a kan guda biyu. Muryarsa ta iso kwata a fili, don ruwa yana kai magana.

“Ɗana, yatsuna sun ƙare.”

“Al'ada ce, Fada. Kwale-kwale ne yake gaisawa da teku.”

“Gaya masa ya taƙaita.”

Suka fara yin ƙasa, a zaune, ba gaggawa. Sunan masaukin Goggo ya nutse, rabi ta wannan gefe rabi ta wancan. Wata mata ta yi salati irin namu, Kawu ya diro cikin jirginsa ya tayar da inji. Na ƙanƙame ƙarfen kwata har tafin hannuna ya yi zafi. Ruwa ya kai musu ciki, ya kai ƙirji, sannan ya tsaya. Kwale-kwalen ya zauna a ƙasa. Dogon jawabin Basile ya cinye tekun.

Fada Anselme ya miƙe, ya ɗauki kwanonsa da ke yawo, ya sa wa jirage albarka daga inda yake tsaye, ya tako zuwa gaɓa yana ɗaga riga. Basile bai tashi ba. Ya ci gaba da jan filafilai. Ruwa ya sauka zuwa cikinsa yana ja, ya sauka zuwa gwiwa yana ja. Can sai ga shi zaune a jan kwale-kwale a tsakiyar laka, toshiya warwatse kewaye da shi, tsibiri yana nan inda yake. Baƙi suka yi ta tafi. Baƙuwar Toronto ta tambayi Goggo ko gobe ma za a yi.

Basile ya ajiye filafilai. Ya miƙe tsaye, ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

“Na rantse a gabanku,” ya ce. “Gobe zan hau mota.”

Dariyar masunta ta mutu. Kawu ya kashe inji, don shi ma jirginsa ya zauna.

“Kai ɗan nan, wasa ake yi,” in ji Kawu. “Wa zai riƙe ka da maganar shagon kofi?”

“Ni.”

“Zan iya warware maka ita,” in ji Fada yana matse riga.

“Ba da kai na yi ba, Fada. Da gari na yi.”

“Gari ya yafe,” in ji Goggo. “Zo ka mayar mini da furanni.”

“Zan mayar kafin mota ta tashi.”

Na san wannan muryar. Da ita ya taka ƙanƙara ba takalmi. Ban san lokacin da na kama tsani ba. Na sauka, laka ta kama ni har ƙwauri, ta karɓe takalmi ɗaya, ta karɓe ɗayan. Shuɗiyar rigata ta koma abin da ta koma. Gari duka yana kallo na ratsa har wajensa.

“Emerise, koma. Wurin nan sai wanda ya san teku.”

Na faɗi abin da na zo faɗa, amma a hankali, ina duban ƙafafuna.

“Me kika ce? Ruwa ya shiga mini kunne.”

Na sake faɗa.

“Ɗaga murya, 'yar nan,” in ji Kawu daga jirginsa. “Mu ma ba mu ji ba.”

Na dubi kwata. Goggo ta rufe baki da hannu, masu goge sun miƙe, Fada ya daina matse riga. Na dubi Basile, da kumburarren idonsa da ciyawar teku a kafaɗa, yana riƙe da hula kamar za a ƙwace masa. Na ja numfashi, na ɗaga murya yadda ban taɓa yi ba tun da aka haife ni.

“Na ce kujera biyu za ka kama a motar gobe. Zan aure ka, Basile, na yi alkawari. Kuma duk wanda ya tambaye ni a can, zan ce masa kai kyaftin ne. Ba su da teku, ba mai ganewa.”